Rumbunan Dutsen Nok da Hanyar Fatake

Jama'a, mu mazauna Naki-Est da Dapaong mun saba hango tsaunin da ya miƙe a kudu maso yammacin Dapaong, wajen Nano, a yankin Tandjouaré, amma ƙalilan ne cikinmu suka taɓa hawansa. Dutsen ba shi da tsayin a zo a gani. 'Yar siririyar hanya ce take ratsa gonaki da kaɗanya da ɗorawa har ta kai mutum sama, daga nan sai ya sauka ta wani tsanin ƙarfe zuwa kogunan Nok, waɗanda ke manne a jikin gangaren.

A cikin kogunan akwai rumbunan laka guda 134, wasu dogaye, wasu kamar tulu. Mutanen Moba ne suka gina su tsakanin ƙarni na 17 da na 19. Nan suke adana gero da dawa, nan kuma suke fakewa da mata da yara idan mahara sun taso. An tarar da bakuna da kibau da kwari a wurin, ga ruwa yana tsattsafowa daga dutsen, abin da ya sa zama ya yiwu. A shekarar 2000 Togo ta sa Nok da Mamproug cikin jerin wuraren da take nema wa shaidar UNESCO.

To, su wa ake gudu? Cakosawa, wato Anufo, waɗanda suka zo daga ƙasar Anno ta Kwaddibuwa a matsayin sojan haya, suka kafa Sansanné-Mango a ƙarni na 18, suka ɗora wa maƙwabta haraji na hatsi da dabbobi da mutane.

A nan ne tarihin ya shafe mu. Mango babban zango ne a hanyar fatake daga Kano zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja. Madugu ya kan sauke ayarinsa a can da jakuna ɗauke da kanwa da turkuɗi da jar fata, ya biya kuɗin wucewa, a dawowa kuma ga goro. Muna alfahari da wannan fatauci, kuma da gaskiyarmu, domin shi ya haifi zangunanmu har Sokodé. Sai dai kasuwannin wannan hanya har da bayi ake sayarwa, kuma daga irin waɗannan ƙauyuka na gindin dutse ake kamo wasunsu. A ganinmu bai dace mu riƙa ba 'ya'yanmu labarin goro mu tsallake wannan ba, alhali da jikokin maginan rumbunan muke cin kasuwa ɗaya.

Hare-haren sun lafa bayan Jamusawa sun karya ƙarfin Mango a ƙarshen ƙarni na 19, mutane suka daina fakewa a kogunan. Mai son zuwa ya bari sai hunturu, lokacin da ciyawa ta bushe, dutse ya daina santsi. Ya fara gaida dattawan ƙauyen, ya nemi ɗan jagora daga cikinsu, kuma kada ya jingina da rumbu, don lakar ta tsufa.