Fassara daga Ingilishi zuwa harshen Slofak a ayyukan raya ƙasashe

Fassara daga Ingilishi zuwa harshen Slofak a ayyukan raya ƙasashe aiki ne na mayar da takardu da jawabai na tallafin ƙasa da ƙasa zuwa harshen hukuma na Slofakiya. Slofak yana cikin harsunan Silabiya ta yamma, dangin Cek da Folish ne, kuma kusan mutum miliyan 5 ne ke magana da shi. Mai juya rubutu ana kiransa prekladateľ, tafinta kuma tlmočník.

Tarihi

Slofakiya ta zama ƙasa mai cin gashin kanta a ranar 1 ga Janairu, 1993, kuma da farko tana cikin masu karɓar tallafi. A shekarar 2003 ta kafa nata shirin bayar da tallafi mai suna SlovakAid, sannan a 2007 ta buɗe hukumar SAIDC domin gudanar da shi. Ta shiga Tarayyar Turai a ranar 1 ga Mayu, 2004, inda Slofak ya zama ɗaya daga cikin harsunan hukuma na tarayyar. A 2013 ta shiga kwamitin masu bayar da tallafi na ƙungiyar OECD. Wannan sauyi ya sa aka buƙaci tsayayyun kalmomi, kamar rozvojová spolupráca, wato haɗin gwiwa don raya ƙasashe.

Yadda ake aikin

Ƙasashen da shirin ya fi mayar da hankali a kansu daga 2019 zuwa 2023 sun haɗa da Kenya, Moldoba da Jojiya. Da yake ba a jin Slofak a can, Ingilishi ne yakan haɗa ɓangarorin biyu. Ana fassara yarjejeniyoyi, kasafin kuɗi da rahotannin bincike, domin hukumomin Slofakiya da harshen ƙasa suke aiki. Takardar da za ta je kotu ko ofishin gwamnati takan buƙaci hatimin mai fassara da ke cikin rajistar Ma'aikatar Shari'a, bisa doka mai lamba 382 ta shekarar 2004. Jami'ar Comenius da ke Bratislava na cikin wuraren da ake horar da masu wannan sana'a.

Matsaloli

Babban haɗari yana wajen alƙaluma. Biliyan na Ingilishi shi ne miliarda a Slofak, alhali kalmar bilión tana nufin tiriliyan. Wanda ya rikita su ya ninka kuɗin sau 1000. Haka kuma Slofak yana sa waƙafi inda Ingilishi ke sa ɗigo, don haka 2.5 yakan koma 2,5. A wajen tafinta kuma dole a zaɓi tsakanin ty, da ake faɗa wa na kusa, da vy na girmamawa, bambancin da Ingilishi ba ya nunawa.