Na'urar sanyaya man injin babur

Na'urar sanyaya man injin babur wani ɗan ƙaramin lagireto ne da ake ɗaurawa a gaban injin wasu babura. Man juye yana ratsawa ta cikin siraran bututanta, iska ta ɗauke masa zafi, sannan ya koma cikin inji. Amfaninta ya dogara ne ga matsin mai, domin duk man da ya bi ta cikinta sai ya rasa wani ɓangare na matsinsa.

Matsin mai

Famfon mai tura mai kawai yake yi. Matsi yana tasowa ne idan man ya tarar da ƙunci a hanyarsa, kamar yadda ruwa ke feshi idan aka danne bakin tiyo da yatsa. Saboda haka mai sanyi, mai kauri, yana ɗaga matsi, wanda ya yi zafi ya tsinke kuma yana saukar da shi. Injin babur ya fi son man ya tsaya tsakanin digiri 80 zuwa 110 a ma'aunin Celsius. Idan ya haura 130 ya daɗe a haka, mai na gama-gari yana saurin lalacewa.

Manyan babura, waɗanda karanshaf ɗinsu ke juyawa a kan siririn mayafin mai, suna buƙatar matsi kamar bar 3 zuwa 5 idan inji na gudu sosai. Ƙananan babura masu silinda ɗaya kuwa boris mai ƙwallaye ko 'yan sanduna ne da su, don haka matsinsu kaɗan ne ƙwarai. Yawan man da ke zagayawa shi ne abin lura a wurinsu.

Haɗarin yana zuwa ta fuska biyu. Da sanyin safiya, kafin inji ya ɗumama, matsi kan yi yawa har ya fasa tsohon tiyo ko ya sa mahaɗa ta yi yoyo. Shi ya sa ake sa bawul mai sakin rarar matsi, wasu kuma a ƙara musu wani da ke hana mai shiga na'urar sai ya kai kusan digiri 80. Ta ɗaya fuskar, idan bututan sun yi tsawo ko sun toshe, man da ke isa kan inji sai ya ragu, kuma wannan ya fi muni, don ba ya nuna kansa da wuri.

Tarihi

Kamfanin Suzuki na Japan ya shahara da wannan tsari a 1985, lokacin da ya fitar da GSX-R750, wanda iska da mai suke sanyaya shi ba tare da ruwa ba. A Indiya ma akwai ire-irensa, kamar Bajaj Pulsar 220.

A Kaduna

Yawancin baburan da ke zirga-zirga a Kakuri, Barnawa, Narayi, Sabon Tasha da Unguwar Television ba su da wannan na'ura. Bajaj Boxer, Jincheng da jikokin Honda CG125 ta 1975 duk iska ce ke sanyaya su ta fikafikan da ke jikin silinda, kuma man da suke ɗauka bai wuce kusan lita ɗaya ba. Wannan ɗan man shi ke shafe fisto da giya da kuloci gaba ɗaya. A watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 35, babur mai ɗauke da mutum biyu da kaya a cikin cunkoso yana gasa shi sosai. Wannan ne ya sa aka fi amfani da mai kauri irin 20W-50. (Matatar mai ta Kaduna da ke hanyar Kachia, wadda aka buɗe a 1980, ita kaɗai ce cikin matatun gwamnati aka gina da sashen tace tushen man juye.)

Ana iya ƙara wa ƙaramin babur na'urar, amma ba kullum take zama riba ba. Famfonsa ƙarami ne, an auna shi daidai da gajeriyar hanyar cikin inji. Idan aka ƙara masa tiyo biyu da lagireto, sai ya cika su tukuna a duk lokacin da aka tayar da inji, kan inji kuma yana aiki da ragowar man jiya. Dole ne kuma a ƙara yawan man juye gwargwadon abin da na'urar ke riƙewa. Ga ƙurar hunturu da taɓon damina da ke liƙe fikafikanta, kuma a cikin cunkoso, inda aka fi buƙatarta, iskar da za ta sanyaya ta babu. Ga irin waɗannan babura, yin juye a kan lokaci da wanke rariyar mai sun fi tsawaita rayuwar inji.

Alamomin matsala

Ƙananan babura ba su da fitilar gargaɗin matsi, sai dai kunne da hannu. Ƙarar ƙaf-ƙaf daga kan inji bayan ya yi zafi alama ce ta ƙarancin mai a sama. Idan kuma inji ya yi zafi amma tiyon na'urar suna da sanyi, to mai ba ya ratsawa, kuma ci gaba da tafiya a haka na iya sa inji ya buga.