Daga Ƙwarya Zuwa Shawa

Jama'a, a da can ba sai an koya wa mutumin Tambuwal ko na Kebbe tattalin ruwan wanka ba. Wadda ta ja guga a rijiya, ta ɗauko tulu a ka, ita ta san darajarsa. Ƙwarya guda ake ɗiba a randa a zagaya makewayi. Malamai kuma suna karantar da cewa Manzon Allah (SAW) yakan yi wanka da sa'i ɗaya, abin da bai wuce lita 4 ba. Farin 1973 da na 1984, da rijiyoyi suka ƙafe, ya ƙara jaddada wannan karatu.

Daga baya bokiti ya zo, sannan famfo da burtsatse. Yau kuwa mai gyaran banɗaki sai ya ce lallai sai shawa, ko kwamin wanka irin na Turawa. To, a yi lissafi. Bokiti lita 20 ne. Shawa takan zubar da kusan lita 10 a minti ɗaya. Minti biyar, lita 50 ke nan. Kwami kuwa yakan sha lita 80, wato jarka huɗu ta ɗan garuwa.

Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka kira mai aikin famfo ka tambayi kanka: ran da babu wuta, tanki ya bushe, wa zai ɗebo?