Palmer Beasley: likitan da ya tabbatar da alaƙar ciwon hanta da kansa

Palmer Beasley (1936 zuwa 2012) likita ne ɗan Amurka, masanin yadda cututtuka ke yaɗuwa cikin al'umma. Binciken da ya gudanar a Taiwan shi ne ya kawar da shakka kan cewa ƙwayar cutar ciwon hanta nau'in B na haddasa kansar hanta.

Tun kafin zuwansa, likitoci sun lura cewa masu kansar hanta da yawa suna ɗauke da ƙwayar. Abin da ba a tantance ba shi ne wanne ke riga wani. A 1975 Beasley da abokan aikinsa suka fara gwada jinin ma'aikatan gwamnati maza 22,707, suka kuma ci gaba da bibiyarsu shekara da shekaru. Zaɓen ma'aikata dabara ce, domin inshorar gwamnati na ajiye bayanin duk wanda ya rasu. Sakamakon da mujallar Lancet ta buga a 1981 ya nuna mutum 41 sun mutu da kansar hanta, 40 daga cikinsu masu ɗauke da ƙwayar ne, alhali masu ƙwayar ba su kai kashi ɗaya bisa biyar na mutanen ba.

Ya kuma nuna cewa uwa kan sa wa jaririnta cutar lokacin haihuwa. Nan ne babban haɗarin yake: kusan tara cikin goma na jariran da suka kamu suna rayuwa da ƙwayar har girma, tana cin hantar sannu a hankali ba tare da wata alama ba.

Gwamnatin Taiwan ba ta bar rahoton ya yi ƙura a ofis ba. A 1984 ta fara yi wa jarirai rigakafi, kansar hanta tsakanin yara kuma ta ragu da kusan rabi. A 1985 Beasley ya samu kyautar Sarki Faisal ta fannin likitanci.

Najeriya sai a 2004 ta sanya wannan allura cikin jerin rigakafin yara. Ƙa'idar ita ce a yi ta farko cikin sa'o'i 24 da haihuwa, abin da ke da wuya a Arewa, inda mata da yawa ke haihuwa a gida. Ga kuma gubar da ke fitowa a gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna, wadda ke ninka haɗarin kansar ga mai ɗauke da ƙwayar.