Aina Onabolu: Yaron da Hotunan Littafi Suka Koyar

A ƙarshen ƙarni na 19 babu makarantar da ke koyar da zanen kamannin mutum a ƙasar da muke kira Nijeriya yau. Masu sassaƙa suna nan, masu ƙira da masu rini ma suna nan, amma a ɗauki fensir a zana fuskar mutum har danginsa su gane shi, wannan ana ganin aikin Turawa ne kaɗai.

A cikin wannan zamani aka haifi Aina Onabolu a Ijebu-Ode, ƙasar Yarabawa, a shekara ta 1882. Makarantar mishan ya yi. Ba a koya masa zane a aji ba, gama a lokacin karatu da rubutu da lissafi ake so, domin a sami malamai da akawu. Sai yaron ya mai da hankalinsa ga hotunan da ke cikin littattafan mishan da mujallun Turai. Yakan ajiye hoto a gabansa ya kwaikwaye shi, ya gwada nasa da na littafin, in bai yi daidai ba ya sāke.

Mai karatu zai iya cewa, ai wannan ba wani abu ba ne. To, sai ya gwada. Ido yakan ruɗi mutum: yana gani kamar idanu suna can sama kusa da gashi, alhali kuwa a tsakiyar kai suke. Mai kwaikwayo dole ya auna. Da haka yake gane cewa hanci ba layi ba ne, inuwa ce a gefe ɗaya da haske a ɗayan, kuma abin da ke nesa ƙanƙancewa yake yi bisa ƙa'ida, ba yadda hannu ya ga dama ba. Wanda ya yi hoton farko ya riga ya warware waɗannan matsaloli, mai kwaikwayo kuwa sawunsa yake bi, kamar ɗan koyo a bayan tela.

Daga baya Onabolu ya koma Legas, ya bar hotunan littafi ya shiga zana mutane masu rai. A 1906 ya yi hoton matar Spencer Savage, wanda ake lasaftawa cikin na farko irinsa daga hannun ɗan ƙasa. Manyan Legas suka riƙa zama a gabansa.

Duk da haka akwai Turawan da ke cewa baƙar fata kwaikwayo kawai ya iya. Maganar ba ta da adalci, domin su ma ta wannan hanya suke koyo. Sa'ad da aka buɗe gidan tarihi na Louvre a Faris a 1793, an keɓe wa masu zane kwanaki su zo su kwaikwayi aikin magabata. Edgar Degas, wanda Faransa ke alfahari da shi, ya rubuta sunansa a can cikin masu kwaikwayo a 1853. Abin da ake kira horo a Faris, shi ne aka mayar abin gori a Legas.

A 1920, yana da shekara 38, Onabolu ya tafi makarantar zane ta St John's Wood a Landan, ya kuma yi karatu a Académie Julian a Faris. Ya komo a 1922 da takardar shaida, ya shiga koyarwa a makarantun Legas, yana ta matsa wa gwamnati a sa zane cikin darussa. Da aikin ya yi masa yawa ya roƙa a kawo mataimaki, aka aiko da Kenneth Murray daga Ingila a 1927.

Abin mamaki, ra'ayinsu ya bambanta. Baturen ya fi so yara su zana kasuwa da gona da bukukuwan garinsu, kada su bi salon Turai. Onabolu kuwa ya nace sai sun iya awo da inuwa da dabarar nesa da kusa tukuna. Kowannensu yana da hujja, amma ba wuya a gane Onabolu: mutumin da aka ce wa ba zai iya ba, ba zai so a sauƙaƙa wa 'ya'yansa darasin ba. Daga ajin Murray ne Ben Enwonwu ya fito. Gardamar ta kai har Zariya, inda ɗalibai irin su Uche Okeke suka kafa ƙungiya a 1958, suna neman haɗa dabarun Turai da zanen gida. Onabolu ya rasu a Legas a 1963.