Me Ya Sa Sai Wata Tara? Tarihin Lokutan Rigakafin Yara

Ku ɗauko katin rigakafin yaronku ku duba. Za ku ga ranar haihuwa, sati 6, sati 10, sati 14, sannan wata 9. Kun taɓa tambayar kanku wa ya tsara waɗannan lokutan?

A shekarar 1974 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin faɗaɗa rigakafi a kan cututtuka shida: tarin fuka, shan inna, mashaƙo, tarin shiƙa, sandarewar haƙora da ƙyanda. A wancan lokacin, yaran ƙasashe masu tasowa da ke samun waɗannan allurai ba su kai 5 cikin 100 ba. Allurar tana nan. Abin da ya rage shi ne a kai ta ga yaro, kuma a daidai lokacin da za ta yi masa amfani.

Ƙyanda ce ta fi ba masana wahala. An fara amfani da allurarta a Amurka a 1963. Tun kafin nan, wani likita ɗan Ingila, David Morley, yana bibiyar lafiyar yara a Imesi-Ile, cikin Jihar Osun ta yanzu. Ya ga cewa a nan ƙyanda tana kama yara tun suna goye, kuma tana kashe da yawa, musamman masu ƙarancin abinci mai gina jiki.

To me zai hana a yi allurar tun ranar suna? Matsalar ita ce, jariri yana zuwa duniya da garkuwar da ya samu daga jikin uwarsa. Garkuwar nan tana kare shi na 'yan watanni, amma kuma tana hana allurar ƙyanda kamawa. In an yi da wuri, aikin banza ne. In an jinkirta, cutar ta riga ku. Binciken da aka yi a Kenya a shekarun 1970 ya taimaka aka tsaya a kan wata 9 a ƙasashen da cutar ta yi yawa. Ko a hakan, ba kowane yaro allurar ke kamawa ba. Shi ya sa yanzu a Najeriya ake ƙara ta biyu a wata 15.

Su kuwa sati 6, 10 da 14, dalilinsu daban. Tarin shiƙa ya fi kashe jarirai ƙanana, don haka ake farawa da wuri, a bar sati huɗu tsakanin allura da allura domin jiki ya gina garkuwa. Ta tarin fuka da ta ciwon hanta kuma tun haihuwa ake yi.

Saboda haka, kada ku ce ai gobe ma rana ce. In kuma lokaci ya riga ya wuce, ku kai yaron asibiti da katinsa. Ba a sake farawa daga farko, daga inda aka tsaya ake ci gaba.