Akori-kura a Amurka: Yadda Babba ta Ƙasaita, Matsakaiciya ta Dawo

Duk wanda ya shiga kasuwar motoci a Amurka a wannan zamani da niyyar sayen akori-kura, tun kafin a kai ga ciniki sai ya yanke hukunci a kan wata mas'ala wadda ta daɗe tana raba kan ma'abota wannan mota, wato ko ya ɗauki babba, irin su Ford F-150 da Chevrolet Silverado, ko kuwa ya wadatu da matsakaiciya, irin su Toyota Tacoma da Ford Ranger. Galibin masu muhawara suna zaton nauyin kaya ne kaɗai ya haifar da wannan rabe-rabe; alhali kuwa wanda ya bi tarihi sannu a hankali zai tarar cewa hannun hukuma, ta hanyar kuɗin fito da dokokin shan mai, ya fi hannun manomi da magini tasiri wajen ƙaddara girman motar.

A farkon al'amari manoma ne da kansu suke yanke bayan mota su kafa akwatin katako, har zuwa shekarar 1925, lokacin da Ford ya fitar da Model T mai akwatinta tun daga masana'anta, a kan dala 281. Ko da jerin F-Series ya bayyana a 1948, motar ba ta wuce abin aiki ba: kujera guda doguwa, da akwati mai faɗi, babu wani ado.

Sababin da ya sauya kasuwar kuwa daga kaji ya taso. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kajin Amurka masu araha suka cika kasuwannin Turai, har ƙasashen Kasuwar Tarayyar Turai, musamman Faransa da Jamus ta Yamma, suka ɗora musu fito mai nauyi domin kare makiyayansu. Shugaba Lyndon Johnson ya rama da fiton kashi 25 cikin ɗari a kan ƙananan motocin kaya na ƙetare, wanda ya fara aiki a Janairun 1964, kuma motocin Volkswagen ne suka fara ɗanɗana kuɗarsa. Sauran kayan da aka haɗa cikin ramuwar, kamar sitacin dankali, an yafe musu daga baya, amma na motar kaya ya zauna daram, ya zama garkuwa ga kamfanonin motocin Amurka da ke Detroit fiye da shekara sittin.

Duk da haka ƙaramar akori-kura ta sami ƙofa, domin Datsun da Toyota sun fahimci cewa akwai mai aikin famfo da mai lambu da ɗalibi waɗanda ba su da bukatar babbar mota, kuma tsadar mai ta 1973 ta ƙara musu hujja. Ford da kansa ya riƙa sayar da Courier wadda Mazda ke ƙerawa, Chevrolet kuma LUV ta Isuzu, tun daga 1972. Suka kuma yi wa dokar hila: sai a shigo da motar babu akwati, a biya fiton kashi 4 kawai, sannan a ɗaura akwatin a Amurka. Subaru kuwa kujeru biyu ya kafa a cikin akwatin BRAT domin a lissafa ta cikin motocin fasinja. Da hukuma ta toshe hilar akwati a 1980, ala tilas aka koma ƙerawa a gida, aka sami Chevrolet S-10 a 1982 da Ranger a 1983. Dodge ne ya tsaya tsakanin ɓangarorin biyu da Dakota ta 1987, wadda ake ɗauka ita ce matsakaiciya ta farko, sannan Tacoma ta gaji Hilux a kasuwar Amurka a 1995.

A nan ne, a ganina, doka ta yi abin da masu kafa ta ba su nufa ba. Ƙa'idar tsimin mai da Majalisar Dokokin Amurka ta zartar a 1975 ta sassauta wa motocin kaya fiye da na fasinja, bisa kyakkyawan zato cewa na masu neman abinci ne. Ita kanta F-150, wadda ta fito a wannan shekara, an ƙara mata nauyi ne domin ta haye iyakar da dokar hayaƙi ta tsaya. Daga baya aka mayar da ma'aunin ya dogara ga faɗin filin da ke tsakanin tayoyi huɗu, ta yadda gwargwadon girman mota gwargwadon sassaucin da za ta samu. Tun da riba ta fi yawa a babba, hukunci kuma ya fi sauƙi a kanta, me zai sa kamfani ya wahalar da kansa a kan ƙarama? A 2011 Ford ya daina ƙera Ranger a masana'antar St. Paul ta jihar Minnesota, Dakota ma ta ƙare a wannan shekara, aka bar fagen galibi ga Tacoma da Nissan Frontier. Amma masu saye ba su daina nema ba, sai ga sabuwar Chevrolet Colorado a 2015, Ranger kuma ta dawo a 2019.

Wanda ya mallaki matsakaiciya a yau ya san iyakarta: tana jan abin da ya kai tan uku da rabi, yayin da babba ke jan kusan tan shida, kujerun bayanta sun fi ƙunci, ragin farashi da na mai kuma bai kai yadda ake tsammani ba. Mai jan tirelar shanu ko injin gini yana da cikakken uzuri idan ya zaɓi babba. Abin da ke damuna shi ne dubban da ke yawo cikin birni da akwati wayam, gabansu ya yi tsawon da direba ba ya ganin yaro a tsaye. Cibiyar IIHS mai binciken haɗurran mota ta bayyana a 2023 cewa motar da gabanta ya haura inci 40 ta fi mai gajeren gaba kashe mai tafiya a ƙasa da kimanin kashi 45 cikin ɗari, kuma matsakaiciyar ma ba ta kuɓuta daga wannan zargi ba, domin ta kumbura har ta kusa kamo babbar da ake yi shekara talatin da suka wuce.

Mu a ƙasashenmu babbar ta Amurka ba ta taɓa samun gindin zama ba. Akori-kurar Peugeot 404 da 504, waɗanda masana'antar Kaduna ta riƙa haɗawa bayan buɗe ta a 1975, su suka yi dakon hatsi da awaki da 'yan kasuwa tsakanin ƙauyuka, kafin Hilux ta karɓi aikin daga Kano har Agadas. Kuma a kan irin waɗannan motoci na Toyota ne sojojin Chadi suka fatattaki tankokin Libiya a garin Fada cikin Janairun 1987.